Dijatu a Gaban Garma

Shekarar da garmar shanu ta iso ƙasar Katagum, mutanen Azare sun yi mata irin kallon da suka yi wa mota a farkon zuwanta: a taru, a leƙa, a ja da baya, sannan kowa ya koma gida ya ce shi dama bai ga wani abin mamaki ba. Ƙarfe ne mai faffaɗan baki, da hannuwa biyu a baya inda mutum zai riƙe, da sarƙa a gaba. Malam Maikuɗi, wani ɗan kasuwa da ke tara gyaɗa yana kai wa kanti, shi ya riga kowa saye. Sai da aka sauke masa ita a zaure, jama'a suka gama taya shi murna, sannan ya tuna ko akuya ba shi da ita, balle sa.

Ta nan Jumare ya shigo zancen. Bafulatani ne da ke zaune a wata ruga bayan gari, ta wajen hanyar Gadau. Ciwon bushiya, annobar nan ta shanu, ya share masa garke tas, har ya koma riƙe fartanya, abin da ubansa bai taɓa yi ba. Bijimai biyu kaɗai ke turkensa, su ma ba nasa ba ne, na matarsa Dijatu ne. Mahaifinta ya ba ta su tun suna maruƙa, suka girma a garken gidansu a hannun wanta Babayo, sai bayan annobar ta wuce aka koro mata su. Jajaye ne masu dogon ƙaho, ana kiran ɗaya Bodori, ɗaya Wule. Aka shirya a kan Maikuɗi ya kawo garma, Jumare ya kawo shanu, a huɗe gonar wannan, a huɗe ta wancan.

Malam Bunu, malamin gona, ya zo a kan kekensa don ya koya musu aikin. Ya zagaya bijiman daga nesa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Jumare, waɗannan ba shanun huɗa ba ne. Farare ake sa wa karkiya. In dole sai su, to a dandaƙe su, a huda musu hanci, a jira su warke. Jajaye ba sa jin maganar kowa sai ta mai su."

Jumare ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa. Jiran warkewa na nufin damina ta wuce. Ya ce, "To ai mai su tana nan."

Aka ɗora musu karkiya da ƙyar, wato wani gungumen itace da ake gicciyawa a wuyansu biyu a ɗaure, sarƙar garma kuma ta rataya daga tsakiyarsa. Wani ƙato ya ce shi zai ja su da igiya. Wule ya ɗaga shi ya ajiye a cikin shingen ƙaya, ƙaton ya wuni yana cire ƙaya a jikinsa. Da abin ya faskara aka kira Dijatu daga wajen tatsa. Ta zo, ta shafa goshin kowanne, ta yi musu ɗan kiran nan da take yi in za ta ba su dusa, ta juya ta kama tafiya. Suka bi ta. Jumare ya danna garma, ƙasa ta rabu biyu ta kwanta, huɗa ta fito sambal. 'Yan kallo suka yi ta salati. Daga ranar aikin Dijatu ya zama tafiya a gaban garma, babu wanda ya tambaye ta ko tana so.

To akwai abin da Dijatu ba ta gaya wa kowa ba. Ta daɗe a gidan Jumare ko ɓari ba ta taɓa yi ba, har dangi sun gaji da yi mata addu'a a gabanta sun koma yi a bayanta. Bana Allah ya dube ta. Cikin ya yi ƙwari, ya fara motsi, wani ɗan zillo can ƙasan cibiya da take ji in ta zauna. Amma cikin fari a wajensu ba abin faɗa ba ne. Ba a gaya wa miji, ba a gaya wa uwa, in wata ta yi maka zancen ma sai ka sunkuyar da kai ka bar wurin. Macen da ta buɗe baki ta ce tana da ciki, har ta tsufa ana ba da labarinta a bakin rijiya. Dijatu ta sassauta ɗaurin zane, ta yafa wani a kai, ta ja bakinta.

Da farko ba ta ji tsoro ba. Me za ta ji? A cikin shanu ta tashi. Tun tana ƙarama aka koya mata cewa in garke ya taho a guje kada ta gudu, ta tsaya cik, shanu da kansu za su rabu, wasu ta dama wasu ta hagu, su wuce ko jela ba ta taɓa ta ba. Ba ta taɓa ganin wannan ya saɓa ba.

Tsoron ya shige ta ne wata safiya a gonar Jumare. Akwai wani kututturen sabara da aka manta ba a tumɓuke ba. Dijatu ta ratse masa, wata zabuwa kuma ta tashi fir daga gindinsa, bijiman suka ɗan zabura. Suka yi abin da suka saba: Bodori ya bi ta dama, Wule ya bi ta hagu. Karkiya ta wuce ta saman kututturen, sarƙa ta goge shi, garma ta yi tsalle daga ƙasa ta zo daidai tsakiya ta tsaga shi gida biyu. Jumare ya yi tsaki, ya duba bakin garma ko ya lanƙwashe. Ita kuwa Dijatu ta tsaya tana kallon farin cikin itacen da ya buɗe, har yanzu da ɗanyen ruwa a jikinsa. Shanun sun kauce wa kututturen da zuciya ɗaya, kamar yadda za su kauce mata. Ƙarfen da ke bayansu ne bai san a kauce ba, kuma ba shi da hanya sai tsakiya. Ranar ta kasa cin tuwo.

Aiki kuwa sai abin da ya ci gaba. Gonar da a da sai an kira gayya, an dama fura tulu-tulu, makaɗi yana zuga samari tun safe har la'asar, yanzu mace ɗaya da miji da shanu biyu sun gama ta kafin rana ta take. Makaɗin gayya ya rataye gangarsa. 'Yan ƙwadago da ke zuwa daga ƙauyuka da garemaninsu na hannu a kafaɗa suka riƙa tsayawa a bakin gona suna kallo, wasu su tofar da yawu su wuce. Masu gonaki suka yi ta sintiri a rugar Jumare, mutumin da bara ko gaisuwarsa ba sa amsawa da kyau, yau har da tambayar lafiyar iyali. Motocin gyaɗa na jiran kaka su kwasa zuwa Kano, kowa kuma ya ji gonarsa ta yi masa kaɗan. Jumare ya sake miƙewa, ya dawo da dariyarsa da bushiya ta tafi da ita. Dijatu ta ga haka, ta ji daɗi har cikin ranta, shi ya sa bakinta ya ƙara nauyi.

Sai Maikuɗi ya sare wani sabon fili, doguwar gona da ta miƙe har ta dangana da burtali, hanyar nan mai shinge da shanu ke bi. Ya ce a ja huɗar a tsawo, daga bakin hanya zuwa burtali, don a rage yawan juyawa. Ɗan kasuwa ne, har juyin sa ya san asara ce.

Da Dijatu ta ji wace gona ce, nan take ta gane burtalin. Wannan burtalin shi ne wanda garken gidansu ke bi duk shekara. Da rani Babayo yakan yi kudu da shanu, can wajen garin Yana, in ruwa ya sauka ya dawo arewa ya ratsa ta bayan Azare. Kuma Babayo ba ya tafiya shiru. Yana gaba, shanu na biye, yana yi musu kiran gidansu, wani dogon kira da ake karya shi a ƙarshe, wanda ya gada daga mahaifinsu. Bodori da Wule da wannan kiran suka buɗe ido. Nata kiran na dusa ne da lallashi. Na Babayo kuwa shi ne na tashi a tafi.

Da magariba, bayan ta ajiye wa Jumare ƙwaryar tuwo, ba ta koma ba. Ta durƙusa daga gefe.

Ta ce, "Gonar nan ta bakin burtali. Da an bar ta sai Hamma Babayo ya wuce."

Ya ce, "Yaushe zai wuce?"

"Ban sani ba. In ruwa ya ishe su."

"To ita ƙasa za ta jira shi? In ta bushe garma ba ta shiga."

"In suka ji kiransa za su tafi. Ba zan iya tsare su ba."

Jumare ya yi murmushi. "Ke da suke bi ko igiya babu? Ai sun manta da Babayo."

"Sa ba ya mantuwa. Ko a ja huɗar a gicciye, kada mu fuskanci burtali."

"Gonar mutum ce, garmarsa ce. In ce masa matata ta ce a sake?"

Maganar cikin tana nan a bakinta, kalma uku ce ko huɗu. Ta ji ta taso har bakin harshe. Sai ta dubi ƙasa, ta ce, "Shi ke nan." Shi ma ya bar hannunsa a cikin ƙwarya bai ɗebo komai ba, sannan ya ce da an gama ta Maikuɗi za ta huta.

Goggo, ƙanwar mahaifin Jumare da ke zaune tare da su, idonta ba ya kuskure irin wannan. Ta daɗe da lura da yadda Dijatu ke dafa ƙugu in za ta tashi. Amma ita ma a cikin wannan al'adar ta tsufa, ba za ta kira abu da sunansa ba. Washegari ta tare Jumare yana ɗaura karkiya.

Ta ce, "Jumare, yarinyar nan ta gaji. Ba kowace shekara ce mace ke shiga rana ba."

Ya ce, "Na ji, Goggo. Saura kaɗan."

"Na dai gaya maka."

Iyakar abin da Goggo ta iya ke nan, kuma a ganinta ta yi magana har ta wuce gona da iri.

Ranar kasuwa Dijatu ta kai nono Azare, ba don nonon ba. Ta bi layin matan da suka zo daga kudu tana tambaya. Wata daga Giade ta ce ai ta ga jajayen shanun gidan su Dijatu sun sauka a bayan garinsu, kuma da alama ba za su daɗe ba. Dijatu ta roƙe ta, in ta koma ta sa a gaya wa Babayo, in ya zo bayan Azare ya wuce shiru, kada ya yi kira. Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Makiyayi ya wuce shiru? To, in na gan shi." Daga yadda ta faɗa Dijatu ta san saƙon a kasuwa zai kwana.

Aka shiga gonar Maikuɗi. Tsawonta ya wuce misali, in kana wannan bakin da ƙyar kake gane mutum a wancan. In sun juya wa burtali baya, Dijatu takan saki numfashi, don ko kira ya zo shanun baya za su yi, ba ta kanta ba. In sun kai ƙarshe suka juyo, sai ta ga shingen burtali can gabanta, ta ji hucin Bodori a bayan wuyanta, da ƙarar sarƙa, da kukan ƙasa a bakin ƙarfe. Nan tsoro ke kama ta sosai. Ba ta waiwaye, don in ta waiwaya shanun tsayawa suke. Kunnenta duka yana kudu. Kukan jaki ya sa ta zabura. Wani mai tallan goro ya ɗaga murya a hanya, ta ɗauka Babayo ne. Abin cikinta kuwa lokacin yake zillonsa, sai ka ce shi ma yana sauraro. Ta riƙa karanta duk abin da ta iya a zuci, ta kai bakin burtali, ta juya, ta huta, ta sake juyowa.

Haka suka yi ta yi, gona na raguwa. Har ta fara cewa a ranta wataƙila Allah zai sa su gama kafin ya iso.

Ran da abin zai faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, ƙasa ta yi laushi har ƙafa na nutsewa. Maikuɗi da kansa ya zo da wasu abokansa biyu ya nuna musu aiki, suka tsaya a gindin wata tsamiya. Hantsi ya ɗaga. Sun juyo ke nan suna fuskantar burtali, sun kai wajen tsakiyar gona, sai Dijatu ta ga balbelu sun taso daga kudu, farare, suna tafe ƙasa-ƙasa. Balbela ba ta yawo haka ita kaɗai. Iska ta kawo mata warin garke. Ta ji Bodori ya daina huci, ya ɗaga kai.

Ta buɗe baki za ta ce wa Jumare ya kwance sarƙa. Kafin ta faɗa kiran ya zo, dogo, daga bayan shinge, ya karye a ƙarshe. Muryar wanta ce, wadda ta yi shekara tana marmarin ji.

Ta juya ta fuskanci shanun, ta ɗaga hannuwa, ta yi musu nata kiran. Muryarta ta fito siririya. Bodori ya dube ta, ya yi jim. Wule ya yi wani kuka daga can cikin ƙirjinsa, ya kafta ƙasa. Ta ce, "Wule, Wule, ni ce." Babayo, da bai san abin da ke bayan shinge ba, ya sake kira.

Suka taso.

Da 'yar gari ce da ta yi tsalle gefe, ko ta faɗi ko ta tsira. Dijatu 'yar makiyaya ce. Duk abin da ta gani a jikin kututturen nan, duk kwanakin da ta yi tana tunaninsa, ƙafafunta ba su ji ba. Suka yi abin da aka koya musu tun tana yarinya, suka tsaya cik. Shanun kuma suka cika mata alkawari, Bodori ta dama, Wule ta hagu, ko gefen ƙaho bai shafe ta ba. Karkiya ta doke ta a ƙirji ta shimfiɗe ta a cikin kwarin huɗa. Ta ga sarƙa na gudu a saman fuskarta. Ta dunƙule, ta rungume cikinta da hannu biyu, ta ga bakin garma ya fito daga ƙasa yana walƙiya, yana tahowa daidai inda take.

Jumare bai saki garmar ba. Ya karkatar da ita da duk ƙarfinsa, ya faɗa mata da jikinsa gaba ɗaya. Ƙarfen ya kwanta a gefe, ya wuce dab da bayan Dijatu, hannun garmar ya buge ta a ƙugu har ta mirgina. Shanun suka ja garma da mutum a cikin taɓo, sannan suka bar mutumin, suka tafi da garmar har ta maƙale a shinge. Nan suka tsaya suna kuka, garke na amsa musu daga ɗaya ɓangaren. Kiran Babayo ya yanke.

Dijatu na kwance, ƙasa a bakinta. Ƙirjinta na zafi, ƙugunta ya mutu. Ta ji Maikuɗi da mutanensa sun taho da gudu suna salati. Ba ta kula su ba. Hankalinta duka yana wuri ɗaya, ƙasan cibiya, wurin kuma shiru.

Ta ɗaga kai ta ga Jumare yana jan jiki zuwa wajenta da gwiwar hannu. Ƙafarsa ta dama a buɗe take daga gwiwa zuwa idon sawu, jini na bin kwarin huɗa. Mutanen suka riƙe shi, ya fizge. Ya iso kusa da ita, fuskarsa duk taɓo. A gaban Maikuɗi, a gaban baƙi, a gaban Babayo da ya tsallako shinge da sandarsa, ya dubi hannuwanta inda suke.

Ya ce, "Yana motsi?"

Ashe ya sani. Tun yaushe, Allah kaɗai ya sani, wataƙila tun kafin Goggo. Ya sani, kuma kullum da safe yana ɗora karkiya ya bar ta ta shiga gaba. Shi ne kuma wannan da ke kwance da tsagaggiyar ƙafa. Haushinsa da tausayinsa suka taso mata lokaci guda, ta rasa wanda za ta kama, ba ta kuma da sararin zaɓa. Mazan suka kawar da kai don kunya. Ita ba ta ji kunyar komai ba. Ta kwance zanen da ta yafa, ta shimfiɗa tafukanta a kan cikin, ta rufe ido.

Jumare ya sake cewa, "Dijatu. Yana motsi?"

Ta ce, "Yi shiru tukuna, in ji."